Norman McLaren: ɗalibin da alƙalin gasa ya kushe a bainar jama'a, sannan ya ɗauke shi aiki

A yau ɗalibin da ya gama ɗan fim ɗinsa na zane mai motsi, wanda matasa ke kira katun ko desan anime, ba sai ya bar ɗakinsa ba kafin ya kai shi gaban masu dubawa. Daga Yamai ko Damagaram, ko daga wani ɗakin haya a Kwatano ko Aljazayir, yana iya ɗora aikin a dandalin intanet na wata makaranta ko wata gasa, ya cike takarda, ya zauna jiran amsa. Abin da bai canja ba shi ne jiran, da kuma abin da mutum zai yi da amsar in ta zo da ɗaci. A tarihin wannan sana'a da wuya a sami wanda irin wannan amsa ta juya wa rayuwa kamar Norman McLaren, ɗan Sikotlan da ya yi aiki sama da shekara 40 a Kanada, wanda kuma a wurinsa ne marigayi Moustapha Alassane na Nijar ya je ƙaro sanin zane mai motsi.

An haifi McLaren ranar 11 ga Afrilun 1914 a garin Stirling da ke tsakiyar Sikotlan, a arewacin Birtaniya. Mahaifinsa mai sana'ar fenti ne da ƙawata cikin gidaje. A 1932 yaron ya shiga makarantar koyon zane ta birnin Glasgo don ya karanci tsara cikin gida, wato dai hanyar da za ta mai da shi ga sana'ar gado. A can sinima ta ɗauke masa hankali. Ya riƙa zuwa kallon fina-finan ƴan Rasha irin su Eisenstein da Pudovkin, sannan wata rana ya ga wani gajeren fim na Bajamushe Oskar Fischinger wanda babu mutum ko ɗaya a cikinsa, sai fararen siffofi suna rawa bisa kiɗa. Tun yana saurayi, in ya saurari kiɗa yakan ga siffofi suna motsi a zuciyarsa. Ranar ya gane ashe ana iya fito da abin nan fili har wasu su gani.

Matsalar ita ce ba shi da kamara, ba shi kuma da kuɗin sayenta.

Abin da ya yi ya zama labarin da ake ba ɗaliban wannan fanni har yanzu. Ya samo tsohon zaren fim na majigi mai faɗin milimita 35, wanda aka gama yayinsa, ya jiƙa shi cikin bahon wankan gidansu na kwanaki har hotunan da ke kai suka saɓule, ya rage farin zare garau kamar gilashi. Sai ya ɗauki buroshi da rini ya shafa launuka kai tsaye a kan zaren, ya sa a majigi. Launukan suka yi ta tsalle a bango. Ga wanda ya tashi da salula a hannu, yana da kyau a bayyana yadda abin yake: zaren fim jerin ƙananan hotuna ne, kowanne bai fi farcen babban yatsa girma sosai ba, kuma majigi na wuce da 24 daga cikinsu a kowace daƙiƙa. Fim na minti ɗaya hoto 1440 ke nan. Kamara ce ke cika waɗannan gurabu da hotuna, amma babu dokar da ta hana mutum ya cika su da hannunsa. Rashin uwa ne ya sa shi yin uwar ɗaki, sai dai bai rabu da wannan dabara ba ko bayan da kamarori suka yi masa yawa.

Fim biyu, alƙali ɗaya

Daga baya ɗaliban makarantar suka sami ƙaramar kamara suka kafa ƙungiya. A 1933 McLaren ya yi Seven Till Five, wato daga ƙarfe bakwai zuwa biyar, kan yadda yini ke wucewa a makarantarsu. Ya kai shi gasar masu yin fim don sha'awa ta Sikotlan, wadda ake yi a Glasgo, ya kuwa ci kyauta. Wannan ya sa hukumar makarantar da abokansa suka fara kallonsa da wani ido, shi ma ya fara jin kansa.

A 1935 ya sami damar aiki da wata kamara ta zamani ƙirar Kodak, wadda ke iya ɗora hoto a kan hoto, ta rage gudu, ta ƙara, ta ɗauki hoto ɗaiɗai. Ya zuba duk abin da na'urar ke iyawa cikin fim guda, Camera Makes Whoopee, kan bikin rawar ƙarshen shekara na ɗalibai: kayan kiɗa suna motsi da kansu, masu rawa suna ninkuwa, hotuna suna narkewa cikin juna. Shi ne aikin da ya fi cin lokacinsa, shi ne kuma wanda yake taƙama da shi. A gefe ya yi wani ɗan gajere, Colour Cocktail, gaurayen launuka, inda haske mai launi ke wasa bisa kiɗan faifan garmaho. Ya miƙa su duka biyu ga gasar. Shekarunsa 21.

Alƙalin wannan karon John Grierson ne. A duniyar fim ta Birtaniya lokacin, sunan ba ƙarami ba ne. Shi ya yaɗa sunan da ake kiran fim ɗin gaskiya da shi a Turanci, wanda Faransanci ke cewa dokimanter, shi ne kuma shugaban sashen fina-finai na ma'aikatar gidan waya a Landan, inda matasa mafi hazaƙa ke rububin shiga. Shi ma ɗan yankin Stirling ne, har sakandare ɗaya suka yi da McLaren, ko da yake ya girme shi da shekara 16. Zaman gari ɗaya bai sa ya sassauta ba. A gaban jama'a ya ɗauki fim ɗin da saurayin ke ji da shi ya yi masa filla-filla. A ganinsa, gwanintar sarrafa kamara ta kai, amma aikin tarkace ne, ba shi da tsari, ba shi da inda ya dosa, kuma bai faɗi komai ba. Sannan ya juya ga ɗan ƙaramin, wanda mai shi bai ɗauke shi da nauyi ba, ya ce wannan ne fim, ya ba shi kyauta. Bayan taron ya nemi McLaren ya yi masa tayin aiki a Landan.

Wannan hukunci ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Grierson bai ce yaron bai iya ba. Cewa ya yi iyawar ta fi ƙarfin mai ita. A babban fim ɗin kamara ce ke jan McLaren, duk maɓallin da ya gani sai ya taɓa. A ƙaramin shi ke jan kamara, abu ɗaya ya nufa, ya bi shi daga farko har ƙarshe, ya tsaya inda ya kamata. Duk wanda ya taɓa kallon ayyukan masu koyo a wannan zamani ya san cutar ba ta mutu ba, kaya kawai ta canja. Manhajojin da ke cikin kwamfuta da salula suna zuwa da ɗaruruwan ado, walƙiya da hayaƙi da juyi, kuma mai koyo yakan ɗauka yawan adon ne zai burge mai dubawa. Gogaggen mai dubawa kuwa ya san adon na kamfanin da ya ƙera manhajar ne. Abin da yake nema shi ne ɗan abin da ya rage in an cire adon, domin shi kaɗai ne na ɗalibin.

Akwai kuma abin lura game da alƙalin kansa. Grierson ba mutum ne mai taushin baki ba, kuma kushe ɗan shekara 21 a gaban abokansa ba abin koyi ba ne kai tsaye. Amma ya kalli ayyukan biyu da gaske, ya faɗi dalilinsa, sannan ya ɗora alhaki a kansa ta hanyar buɗe wa yaron ƙofa. Da ya yaba wa babban fim ɗin don kada ya ɓata wa kowa rai, da wataƙila McLaren ya ƙare a matsayin gwanin dabarun kamara da ba a tuna sunansa. Dubban alamun yabo da ake latsawa a Facebook ko TikTok ba sa yin wannan aiki, saboda mai latsawa bai ɗauki nauyin komai ba.

Kafin ya bar Glasgo a 1936, McLaren ya haɗa kai da wata mai sassaƙa, Helen Biggar, suka yi Hell Unltd, fim mai zafi kan masu cinikin makamai da ke cin riba daga yaƙi. A lokacin yana tare da ƴan gurguzu, kamar matasa da yawa da suka ga talaucin Glasgo na shekarun 1930.

Daga Landan zuwa Madrid

A gidan waya Grierson ya gaya masa a fili cewa basira ba ita ce ta yi masa ƙaranci ba, ladabin aiki zai koya. Aka kuwa ba shi abin da ya fi kowanne rashin armashi: fim kan yadda ake buga kundin lambobin tarho na birnin Landan, wanda ya fito a 1937 da sunan Book Bargain. Mutumin da ke son launuka su yi rawa, ga shi yana bin takarda daga injin zuwa injin. A nan ya koyi jera hotuna yadda mai kallo zai fahimci mataki bayan mataki. A nan ne kuma ya lura da wani abu: a gefen zaren fim akwai siririn layi da ke ɗauke da sauti, kuma in aka karce shi da wuƙa ko aka ɗiga masa tawada, majigi na karanta tabon a matsayin ƙara. Ashe sauti ma ana iya zana shi.

Tun kafin wannan, a ƙarshen 1936, an tura shi Sifaniya a matsayin mai ɗaukar hoto tare da Ivor Montagu, lokacin da sojojin Franco suka yi wa Madrid ƙawanya. Fim ɗin da suka yi, Defence of Madrid, an yi amfani da shi wajen tara taimako ga ɓangaren jamhuriya. McLaren ya ga gidajen da jiragen sama suka rusa, ya ga gawarwakin yara. Bai warke daga wannan gani ba har ya mutu.

A 1938 aka bar shi ya yi abin da yake so. Love on the Wing talla ce ta aika wasiƙa ta jirgin sama, amma da alƙalami da tawada ya zana ta a kan zaren, hoto bayan hoto, siffa na rikiɗa zuwa wata siffa ba tsayawa. Ministan gidan waya ya ga wasu siffofin sun yi kama da batsa, ya hana a yaɗa fim ɗin. Wannan hukunci na biyu ke nan da aikinsa ya gamu da shi, kuma ya bambanta da na farko, domin babu abin koyo a cikinsa.

Da yaƙin duniya na biyu ya ƙarato, ya san ba zai iya sake kallon abin da ya gani a Madrid ba. A 1939 ya tsallaka teku zuwa Niyu Yok tare da abokin zamansa Guy Glover. Ƴan ci-rani sun san irin wannan shekara: baƙon gari, ba aiki tsayayye, aljihu ba nauyi. Ya koma ga dabarar bahon wanka. Da tawada da farin zare ya yi gajerun fina-finai irin su Dots da Loops, hoto da sauti duka da hannu, wani gidan adana zane na gidauniyar Guggenheim ya saya da ɗan abin da ya riƙe shi.

Wanda aka duba ya zama mai dubawa

A wannan tsakani Grierson ya koma Kanada, inda ya kafa hukumar fina-finai ta ƙasa a 1939, wadda masu Faransanci suka sani da ONF. A 1941 ya kira tsohon yaronsa zuwa Ottawa. McLaren ya yi jinkiri don gudun a sa shi farfagandar yaƙi, Grierson ya ba shi tabbacin ba za a tilasta masa yabon kisa ba. Abin da ya yi a shekarun nan gajerun saƙonni ne ga jama'a, a aika wasiƙun Kirsimeti da wuri, a yi tanadi, a kula da tashin farashi. A Hen Hop na 1942, kaza ce da aka zana da layi ƙalilan take rawa, tana rabewa, tana komawa ƙwai.

Ba a jima ba aka ɗora masa kafa sashen zane mai motsi na hukumar. Ƙwararru babu, samari da yawa suna fagen daga. Sai ya juya ga makarantun koyon zane, ya riƙa duba ayyukan ɗalibai da waɗanda ba su daɗe da gamawa ba. Shekara bakwai kacal bayan Glasgo, shi ne zaune a kujerar alƙali. Waɗanda suka shigo hannunsa sun nuna yana da ido. Evelyn Lambart ta zama abokiyar aikinsa ta shekara da shekaru kafin ta yi nata fina-finan. René Jodoin shi ya kafa sashen zane mai motsi na masu Faransanci a hukumar a 1966. George Dunning ya jagoranci Yellow Submarine, fim ɗin mawaƙan Beatles na 1968. Grant Munro ya zauna tare da shi kusan har ƙarshe.

Tsarin da ya shimfiɗa musu kishiyar na kamfanin Disney ne. A can Amurka ɗaruruwan ma'aikata ke layi, wani ya zana, wani ya bi layi da tawada, wani ya shafa launi, duka don su fito da salo guda. A wurin McLaren mutum ɗaya ko biyu ke riƙe fim daga farko har ƙarshe, da kayan da suka samu: almakashi da takarda, alli, gawayi. Bai nemi kowa ya kwaikwayi hannunsa ba. Sun ɗauki waƙoƙin gargajiya na Faransawan Kanada, irin waɗanda masu tuƙa kwalekwale da manoma ke rerawa, suka yi musu zane, ana nuna su a ƙauyuka da majigin tafi-da-gidanka. Koyarwar da ya fi nanatawa ita ce kyan kowane zane shi kaɗai ba shi ne sana'ar ba. Sana'ar tana cikin bambancin da ke tsakanin hoto da mai bi masa, nawa abu ya gusa, da wane sauri, ina ya dakata. Mai zane mara kyau da ya san motsi ya fi gwanin zane da bai san shi ba.

A 1949 shi da Lambart suka yi Begone Dull Care, inda suka shafa fenti suka karce dogayen zarurruka bisa kiɗan jaz na Oscar Peterson. A shekarar ce UNESCO ta aike shi ƙasar Sin, lardin Sichuan, don ya koya wa masu zanen yankin yin hotunan wayar da kai kan lafiya, kamar rigakafin agana da ciwon ido, ga ƙauyawan da ba su iya karatu ba, kuma da kayan da ba su da tsada. Yana can sojojin Mao suka karɓi garin. Ya dawo a 1950, daga baya ya yi irin wannan aiki a Indiya.

Maƙwabta

Dawowarsa ta zo daidai da ɓarkewar yaƙin Koriya, inda ƙasar da yake zaune take gefe ɗaya, mutanen da ya zauna da su a Sin suke ɗaya gefen. Daga wannan damuwa ya yi fim ɗin da ya fi kowanne suna, Neighbours, ko Voisins da Faransanci, wato maƙwabta, a 1952. Minti takwas ne. Maza biyu suna zaune lafiya a gaban gidajensu, kowa da jaridarsa, har ɗaya na kunna wa ɗaya lofe. Sai fure ya tsiro daidai tsakaninsu. Kowa ya shaƙi ƙamshinsa ya ji daɗi, daga nan kowa ya ce nasa ne. Aka ja iyaka, aka kafa shinge, aka tumɓuke itacen shingen aka mai da shi makami. Fuskokinsu suka rikiɗe, kowa ya rusa gidan ɗan'uwansa, ya hallaka matarsa da jaririnsa, suka kashe juna, furen ma an tattake shi. Wanda ya taɓa ganin yadda rikicin iyakar gona ke farawa da damina ba ya buƙatar a fassara masa komai, kuma babu magana ko ɗaya a bakin mutanen biyu.

Mutane ne na gaske suka fito a ciki, Grant Munro da Jean-Paul Ladouceur, amma an ɗauke su hoto ɗaiɗai kamar ƴan tsana. In ana son a ga mutum yana shawagi, sai ya yi ta tsalle, ana ɗaukar hoto ɗaya daidai lokacin da ya kai ƙololuwa, a jera hotunan, sai a ga ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Kiɗan ma ba a kaɗa shi da wani abin kiɗa ba. Katuna ne masu ratsi-ratsi, kowanne da muryarsa, aka ɗauki hotonsu a kan layin sauti. Duk dabarun da Grierson ya kushe a Glasgo suna nan, har sun fi na da yawa, amma yanzu kowace tana yi wa magana ɗaya hidima.

Fim ɗin ya ci kyautar Oscar a 1953, abin mamaki a rukunin gajeren fim ɗin gaskiya, alhali babu abin da ya fi shi nisa da hakan. Masu rarraba shi sun matsa a cire wurin kashe mata da jarirai, aka cire, sai a zamanin yaƙin Biyetnam McLaren ya sa aka mayar. A 2009 UNESCO ta sa shi cikin kundinta na abubuwan tarihin da duniya ba za ta bari su ɓace ba.

Kyaututtuka suka biyo baya. Blinkity Blank, wanda ya karce da allura da wuƙa a kan baƙin zare, ya ci babbar kyautar gajeren fim a Cannes ta Faransa a 1955. A 1957 ya yi A Chairy Tale, labarin kujerar da ta ƙi yarda a zauna a kanta sai an girmama ta, da kiɗan Ravi Shankar na Indiya. Saurayin da ya yi kokawa da kujerar, Claude Jutra, shi ne bayan ƴan shekaru ya zo Nijar ya ɗauki fim ɗin Le Niger, jeune république, wanda ya fito a 1961.

Baƙo daga Yamai

A Yamai lokacin akwai wani saurayi, Moustapha Alassane, haifaffen N'Dougou a 1942, wanda ya koyi kanikanci amma zane ya fi ja masa rai. Tun kafin ya riƙe kamara yana haɗa nasa wasan da haske da inuwa da hotunan da ya zana, yana nuna wa mutane. Jean Rouch, Bafaranshen da ya daɗe yana ɗaukar fina-finai a gaɓar kogin Kwara, ya ga aikinsa ya jawo shi cibiyar bincike ta Yamai, inda ya koyi kamara. A 1962 ya fito da Aouré, kan aure a ƙauyen Zabarmawa. Ta hanyar Rouch da abokansa na Kanada ya sami tafiya Monreyal, inda ONF ta koma tun 1956, ya zauna a sashen McLaren.

Da wuya a sami malami da ɗalibi da suka dace kamar waɗannan biyu. Da Hollywood aka kai Alassane, da an nuna masa injuna da ma'aikatan da Nijar mai shekara ƙalilan da samun ƴanci ba za ta iya saye ko biya ba, ya dawo da sha'awa kawai. A Monreyal ya tarar da mutumin da duniya ke girmamawa, wanda ya fara da bahon wanka, wanda kuma ya riga ya koyar a ƙauyukan Sin da Indiya cewa rashin kaya ba ya hana aiki. Bai dawo yana zana ɗigo da layi irin na McLaren ba. Kwaɗi ya zana. La Mort de Gandji, da ya fito daga wannan horo, ya sami kyauta a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. A shekarar ya yi Bon voyage Sim, inda shugaban jamhuriyar kwaɗi ke tafiya ziyarar aiki da jerin gwano da faretin sojoji da jawabai, zambo ga sababbin shugabannin Afirka da ƴan layuka baƙi a kan fari. Daga baya ya koma ga ƴan tsana, ya yi Samba le Grand a 1977, ya kuma yi Kokoa, inda dabbobi ke kokowar gargajiya a fili da makaɗa da alƙali. Ya shugabanci sashen sinima na jami'ar Yamai na shekara 15, ya zauna a Tawa yana aiki da abin da hannunsa ya kai gare shi, har da kwamfuta a ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015.

Shi kuwa McLaren, shekarunsa na ƙarshe sun karkata ga rawa da koyarwa. A Pas de deux na 1968 ya ɗauki masu rawa biyu sanye da farare a cikin duhu, haske na dukan gefen jikinsu kawai, ya ninka kowane hoto sau da yawa har motsin hannu ɗaya ya buɗe kamar fiffike. Tsakanin 1976 da 1978 shi da Munro suka yi Animated Motion, darussa biyar a fim kan yadda ake lissafin motsi daga hoto zuwa hoto, don ɗaliban da ba za su taɓa zuwa Monreyal ba. Fim ɗinsa na ƙarshe, Narcissus, ya fito a 1983. Ya rasu a Monreyal ranar 27 ga Janairun 1987, yana da shekara 72, shekara 15 bayan Grierson.

Yawancin fina-finansa na Kanada suna shafin intanet na ONF, ana kallonsu kyauta, kuma da yake kusan duka ba su da magana, ba a buƙatar Turanci ko Faransanci. Camera Makes Whoopee, wanda aka kushe a Glasgo, yana nan a ajiye a taskar fina-finai ta Sikotlan, masu bincike na kallonsa. Colour Cocktail, wanda ya ci kyautar ya kuma sama masa aiki, ya ɓace.